Yadda Yaya Ya Ƙara wa Motar Auta Sifirin

Mu uku maza mahaifinmu ya bari. Babbanmu, wanda muke kira Yaya, ya yi tuƙin babbar mota har idonsa ya fara gazawa, sannan ya dawo gida Kabo ya zauna. Ni ne na tsakiya. Ina saye da sayar da injin ban-ruwa da injin niƙa da tsofaffin babura a Gwarzo, kuma ba wanda ya ɗora ni a kan wannan hanya, da ƙafata na hau. Sai ƙaraminmu. Har yau Auta muke ce masa, ko da yake furfura ta fito masa a gemu, ya kuma aurar da 'ya'ya biyu.

Auta mai gyaran rediyo ne, ko in ce da can shi ne, kafin wayar hannu ta zo ta cinye sana'ar. Rumfarsa tana nan a bakin kasuwar Kabo, amma sai ya wuni ba a kawo masa komai ba sai tocila ɗaya ko fankar caji. Yana taɓa noma a gonar gado ta wajen Gude, sai dai shi ba manomi ba ne. Hannunsa na dalma ne da ƙananan notuna. In ka ba shi fartanya sai ka ji tausayin fartanyar.

A cikin wannan zaman jiran ne ya ga wasu mutane a waya suna haɗa 'yan ƙananan motoci masu rimot, ba na tsere ba, na hawan dutse. Abin ya shiga ransa. Rimot ɗin da abin da ke karɓar umarninsa kaɗai ya sayo a Kano, sauran duk tsince-tsince ne. Injin ya ciro shi daga mataccen injin huda mai caji. Haƙoran giya daga tsofaffin na'urorin buga takarda. Sandunan da ke riƙe da ƙafafun ya yanko su daga wayar ƙafar babur, a shagona ma ya kwasa. Ya ɗauki sirinji huɗu na allurar dabbobi, ya zuba musu mai, ya sa musu lallausan sifirin, suka zama abin da ke shanye gargada. Damina biyu ta wuce yana wannan aiki.

Ranar da na fara ganin motar da ya haɗa ban ɓoye masa ba.

"Auta, mutum da surukai, ka zauna kana wasan yara?"

Ya ɗauke ta, tsawonta bai wuce kamu biyu ba, ba bodi, wayoyi duk a waje, ya ajiye ta a gindin tarin duwatsun da wani ya sauke zai yi gini a bayan rumfar. Ya taɓa rimot. Ta tafi a hankali kamar hawainiya. Ƙafar gaba ta dama ta hau dutse, ta hagu ta sauka cikin rami, jikin ya murɗe kamar za ta karye, amma duk ƙafafun huɗu suna manne da dutse. Tayoyin, da ya yi da robar tayar babur ya cusa musu soso, suna lotsawa suna kama kaifin dutsen kamar tafin hannu. Ta hau har ƙoli, ta sauka ta ɗaya gefen, ba ta ko yi tangaɗi ba.

Na daɗe ina cin abinci da inji, na san aikin hannu in na gan shi. Na janye maganata a take.

"Alhaji," in ji Auta, "duk dabarar ita ce a bar ta ta yi laushi. Nauyi kuma ya zauna a ƙasa. Ka ga batir ma a nan na sa shi, kusa da ƙafar gaba."

Ina da wani abokin ciniki, injiniya ne, yana da wurin aiki a Kano inda ake koya wa matasa gyaran injin ban-ruwa da kayan sola. Ya sha gaya mini yana neman mutum mai hannu a ƙananan aiki, wanda zai tsaya a kan masu koyo, da albashi duk wata da ɗakin kwana. Masu takarda sun yi masa yawa, masu hannu ne babu. Na ɗauki bidiyon motar Auta a wayata na nuna masa. Ya kalla sau uku. Ya ce ranar Asabar ta sama zai je duba gonarsa ta wajen Mainika, zai biyo ya gan ta da idonsa a kan dutse na gaske. In ta yi abin da ya gani a waya, wurin na Auta ne.

Wannan ita ce dama ɗaya da ta ƙwanƙwasa wa ƙanena ƙofa tun da rediyo ya mutu.

A gidanmu ba a ɓoye wa babba labarin alheri. Ranar Juma'a bayan an sauko, muka je gaishe da Yaya a zaurensa, na faɗa masa. Ya yi addu'a, ya sa albarka, sannan ya ce a kawo motar ya gani. Da na san abin da zai biyo baya, da na ce ta tafi Kano wanki.

Auta ya kawo ta ya ajiye a kan tabarma. Yaya ya gyara tabarau ya kalle ta kamar an kawo masa mara lafiya.

"Wannan za ka nuna wa baƙo? Tsirara?"

"Yaya, ai haka ake barinta, don nauyi..."

Yaya ya ɗora yatsa ya danna. Motar ta lotsa ta taso.

"Sifirin ya mutu." Ya matsa taya. "Taya ba iska. Kai, Auta, wa ya koya maka mota? Wannan ko kaza ka ɗora mata sai ta zauna."

"Ba ta ɗaukar kaya ba ce, Yaya."

"To ta mece ce? Mota ba lodi ai kwalliya ce. Bar ta nan. Ba za a zo garinmu a ce gidanmu ba wanda ya san mota ba."

Sai na yi wa wanda bai san ƙasarmu ba bayani. A nan, duk wanda ya sayi motar kaya, kafin ta ɗauki buhu ɗaya sai ta je wurin maƙeri. A ƙara mata ganyen sifirin har ta sandare, a ɗaga mata bodi, a yi mata ƙarfe a sama. Da yawan buhu ake auna darajar mota. Ni kaina na sha yi wa akori-kura haka kafin in sayar, kuma daidai ne, don masara za ta ɗauka. Amma Yaya bai san akwai wata mota a duniya da ba masara aka yi ta domin ta ɗauka ba. Abin da ya iya ke nan, kuma a ganinsa abin da ya iya shi ne iyakar abin da ake iyawa.

Auta ya ɗauki aikin damina biyu ya miƙa masa da hannu biyu, yana cewa an gode.

Kwana takwas Yaya ya yi a kanta. Mutumin da gwiwa ke hana shi zuwa gaisuwar mutuwa, sai ga shi kullum da hantsi a rumfar mai walda, yana zaune a kan benci yana ba da umarni. Ya sa aka cire sirinjin nan huɗu. Aka yanyanka bakin zarton ƙarfe, aka jera ganye huɗu-huɗu aka ɗaure, ya zama sifirin irin na babbar mota. Aka fitar da soson tayoyin aka cusa robar silifa har suka yi tauri kamar goriba. Batir kuma aka ɗauke shi daga ƙasa aka mayar saman kan direba, wai kada ruwa ya taɓa shi. Wane ruwa, a kan dutse, bayan kaka? Sannan aka ƙera bodi na kwano, dogo, da ƙarafa a gefe da ɗan tsani a baya. Mai fenti ya shafe shi kore da rawaya, ya zana ɗawisu a kowane gefe, a goshi ya rubuta BABBA BABBA NE. Uwargidan Yaya ta ɗinka 'yan buhuna goma, aka cika su da yashi aka yi lodi, har da igiya.

Ba zan yi ƙarya ba, ta yi kyau. In a kanta za a ajiye ta a riƙa kallo, ba ta da na biyu. Sai dai ba kallo Injiniya zai zo yi ba.

Ana jibi zai zo na sami Yaya shi kaɗai.

"Yaya, wannan gyaran zai kayar da motar nan. Ka bari a mayar da ita yadda take, in baƙon ya tafi sai a sa mata bodinka."

"Dillali," ya ce, haka yake kirana in yana so ya tuna mini matsayina, "kai sayar da inji ka iya. Ka taɓa hawa tudu da lodin gyaɗa, birki yana wari?"

"Ban taɓa ba. Amma na ga motar nan ta hau dutse, kai ba ka gani ba."

"A bayana ka yi fitsari kana jariri. Yau kai za ka koya mini sifirin?"

A nan magana ta ƙare. A gidanmu duk gardamar da aka kawo goyo a cikinta ta mutu. Ban taɓa gane yadda fitsarin jariri yake zama hujja a kan ƙarfe ba, amma haka muka taso muka tarar.

Ranar Asabar na ɗauki Auta a motata. Wurin da aka zaɓa wani fako ne mai duwatsu a hanyar Dugabau, inda mata suke shanya barkono. Kafin mu tashi na sa ya ɗauko gwangwanin da ya zuba tsofaffin kayan, sirinji da soso da komai, na jefa a but ɗin motata. Da muka fita gari na tsaya a gindin wata ɗorawa na kashe mota.

"Ga sukurudireba. Minti nawa zai ɗauke ka ka mayar da ita?"

"Kamar rabin awa."

"Bismillah."

Ya riƙe motar a cinya yana shafa ɗawisun da yatsa.

"Alhaji, kwana takwas ya yi a rana saboda ni. Duk majalisarsu ya gayyato. Da wane ido zan kalle shi in na fito da ita ba bodi?"

"Da idon da kake kallon iyalinka in ka koma gida da kuɗin gyaran tocila. Ka san za ta faɗi?"

"Na sani."

"To?"

"Allah zai rufa asiri."

"Allah ya riga ya rufa maka asiri, ya ba ka hannu da hankali. Kai ne ka kai su aka ƙara musu sifirin."

Ya yi murmushi, irin na mutumin da ya yanke shawara ba zai ji ba. Na tayar da mota.

Mun tarar da Yaya ya riga mu, cikin babbar riga, da dattawa shida na majalisarsa a kan tabarma. Mutanen da ke wucewa a kan babura suka tsaya. Injiniya ya iso bayan azahar. Aka yi gaisuwa, ya hanya, ya iyali, ya aka ji da aiki, ya amfanin gona, har aka zagayo kan iyali a karo na biyu. Da aka fito da motar sai na ga Injiniya ya ɗan tsuke fuska.

A kan shimfiɗaɗɗen wuri ta yi tafiya lafiya, tana rangaji da lodinta. Dattawa suka yi ta masha Allah. Ɗaya ya ce wallahi kamar ka ɗaga mata hannu ta tsaya ka hau. Yaya yana gyaɗa kai.

Sai ta iso dutsen farko, wanda bai kai bulo tsayi ba. Ƙafar gaba ta dama ta hau. Da yake jikin ya sandare, ta hagu sai ta tashi sama tana juyawa a iska. Tayar baya ta yi ta karce dutse ba ta kama komai. Bodin ya karkata a hankali, kowa yana kallo, sannan ta kife. 'Yan buhunan suka watse cikin barkonon mutane.

"Laifin direba ne," in ji Yaya. "Ba ka ba ta wuta ba. Tudu da gudu ake cinsa. Ja baya ka taho."

Motar da aka yi don ta tafi kamar hawainiya, aka ce ta taho da gudu. Auta ya ja baya ya taho. Ta daki dutsen ta yi tsalle ta faɗi a kan bayanta. A karo na uku tsanin ya karye, batir ya fito yana lilo a jikin waya. Wani a kan babur ya ce a kira masu janwe, aka yi dariya.

Injiniya ya tako ya ɗauke ta. Ya juya ta, bai ko kalli ɗawisun ba, cikinta yake kallo. Ya daɗe yana juya haƙoran giyar da yatsa, yana duba yadda aka haɗa sandunan.

"Wannan aikin na ƙasa, hannun da ya yi shi ya san abin da yake yi," ya ce. "Amma wadda na gani a waya ba haka take ba. Wa ya ɗaure ta haka?"

Mako guda Yaya ya yi yana shaida wa duk Kabo cewa shi ya gyara motar. A wannan lokacin sai carbinsa ya zama abin da ya fi komai muhimmanci a duniya. Ya sunkuyar da kai yana ja.

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Auta.

"Ba shi ba ne," na ce. "Yayanmu ne ya sa aka yi. Shi wannan ya san ba daidai ba ne."

"Ni na ce a yi," Auta ya sake faɗa, bai kalle ni ba.

Injiniya ya dube ni, ya dube shi, ya dubi Yaya. Ba yaro ba ne, ya gane. Ya yi wa Auta abin da ba kowa zai yi ba.

"Malam, ina nan har la'asar. In kayanta na da suna kusa, mayar mata in gani."

Auta ya saci kallon Yaya. Yaya ya yi gyaran murya ya ce wa dattawan da ke gefensa, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ai ba abin da ya sami sifirin nan. Dutsen ne ba na mota ba."

"Na baro su a gida," in ji Auta.

Na tafi na buɗe but, na ɗauko gwangwanin, na zo na dire shi a gabansa har sirinjin suka yi ƙara. Na ɗora sukurudireba a kai. Rabin awa ne tsakaninsa da albashi da ɗaki da aikin da aka halicce shi domin shi. Abin da ake nema kawai ya sunkuya.

Bai sunkuya ba. Ya tsaya riƙe da rimot yana kallon ƙasa, har Injiniya ya duba agogo, ya yi sallama da kowa cikin mutunci, ya ce Allah ya ƙara basira, ya shiga motarsa.

Na ɗauki Auta muka koma gari. Na sauke shi a ƙofar gidansa da motarsa da gwangwaninsa.

Bayan kwana uku na kira Injiniya. Ni dillali ne, ban saba barin ciniki ya mutu a zama ɗaya ba. Na ce masa ya ba ni rana, zan kawo Auta Kano da motar yadda take tun farko, ba Yaya, ba dattawa.

"Alhaji, ba sai ka kawo ta ba," ya ce. "Na san za ta hau. Tun da na juya ta na gani."

"To me ya rage?"

"Wurina inji ake kawowa na mutane, kuma masu injin manya ne, alhazai, wasu sun haife ni. Kullum sai wani ya ce a yi masa abin da zai ƙone injinsa. Ina neman wanda zai ce masa a'a, cikin ladabi, ya kuma koya wa matasan nan su faɗa. Ɗan'uwanka ya san gaskiya, kayan gyara suna gabansa, ya tsaya. In wani Alhaji ya ɗaure masa fuska a wurina, me zai yi?"

Na iya ciniki, na iya kare kaya ko da suna da aibi, amma wannan cinikin na san ya mutu. Na yi masa godiya. Kafin wata ya ƙare ya ɗauki wani mutumin daban, wanda na ji an ce bai kai Auta hannu ba.

Motar tana zauren Yaya yanzu, a kan kabad. An gyara tsanin, an sake yin lodi. Duk baƙon da ya zo sai an sauko da ita an nuna masa, Yaya yana cewa shi da ƙanensa suka haɗa, wani injiniya ma ya taso tun daga Kano don ya gani. Bai taɓa tambayar abin da ya sa aikin bai samu ba. Ya ce dama mutanen birni ba su da alkawari.

Auta yana rumfarsa. Abin da ya fi ba ni haushi ba Yaya ba ne, shi tsoho ne da ya san abu ɗaya ya riƙe. Mutanen gari ne. Waɗanda suka yi dariya a kan dutsen nan su ne yanzu suke yabon Auta, wai ɗan halak ne, ya zaɓi ya rasa aiki da ya kunyata yayansa a gaban jama'a. Ba ɗaya a cikinsu da zai yarda ɗansa ya yi haka, kuma ba ɗaya da ya ƙara kai masa ko fitila gyara. Kwanan baya wani dattijo ya tare ni a kasuwar Gwarzo yana gaya mini har a wurin ɗaurin aure an ba da misali da ƙanena. Na ce madalla, sai a riƙa aika masa da misalin zuwa gida da yamma, matarsa ta ɗora a wuta.